Tsakuwar Miyau Ba Daga Shinkafa Take Ba

Wasu kan ce tsakuwar da ake cirowa a ƙarƙashin harshe ta shinkafa ce da ta maƙale. Wannan kuskure ne, kuma yana jinkirta magani. A cikin hanyar miyau take haɗuwa sannu a hankali, galibi daga gishirin kalsiyam da fosfet, idan miyau ya yi kauri, kamar yadda ƙishirwar bazara kan jawo. Kusan kashi 80 cikin ɗari na irin waɗannan tsakuwoyi a ƙasan muƙamuƙi suke fitowa, kuma suna toshe hanyar miyau, shi ya sa wurin ke kumbura da zafi da zarar an kai loma baki. Hoton ƙashi ba ya nuna kowace tsakuwa, don haka likita kan nemi sikanin ko hoton CT, wato hoton cikin jiki da kwamfuta ke haɗawa.