Haɗuwar Iyalan da Yaƙin Koriya Ya Raba

Haɗuwar iyalan da aka raba shiri ne da Koriya ta Arewa da ta Kudu suka riƙa gudanarwa jifa-jifa ta hannun ƙungiyoyinsu na Red Cross, domin 'yan uwan da yaƙin 1950 zuwa 1953 ya tarwatsa su sake sa juna a ido. Tun da aka tsagaita wuta a watan Yulin 1953, talaka ba shi da hanyar aika wasiƙa ko buga waya zuwa tsallaken iyaka.

An yi ziyarar farko a Satumban 1985, a Seoul, babban birnin Kudu, da Pyongyang, babban birnin Arewa, daga nan aka yi shiru shekara 15. Ganawar shugaban Kudu Kim Dae-jung da shugaban Arewa Kim Jong-il a Yunin 2000 ce ta farfaɗo da shirin. Tsakanin 2000 da 2018 an yi zagaye 21, galibi a Dutsen Kumgang da ke Arewa.

A Kudu, mutum fiye da 130,000 ne suka yi rajista, amma kusan 100 kawai aka riƙa ɗauka a zagaye guda, da ƙuri'ar kwamfuta. Wanda rabonsa ya tsaga yakan samu kwana uku, zaman da za a yi tare kuwa, in an haɗa, bai wuce awa 12 ba. Tsofaffi kan zo, wasu a keken guragu, da tsoffin hotuna da tsarabar magani da rigunan sanyi. Ranar rabuwa sai a ga hannaye ta tagogin bas, ana riƙe da juna har mota ta tashi. Wanda ya je sau ɗaya ba ya sake samun gurbi.

Wannan shiri ne ya fi nuna ko da gaske ake batun sulhu, domin kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, niyya kawai yake buƙata. Amma kullum siyasa ke jan akalarsa. A Satumban 2013 Arewa ta soke wani zagaye saura kwanaki kaɗan, bayan tsofaffi sun gama shiri, kuma ta sha haɗa batun da atisayen sojan Kudu da Amurka. A Kudu ma, himmar takan sauya duk lokacin da mulki ya sauya hannu.

Zagaye na ƙarshe shi ne na Agustan 2018. A Janairun 2024 shugaban Arewa Kim Jong-un ya ayyana Kudu a matsayin babbar abokiyar gaba, sannan a Fabrairun 2025 gwamnatin Seoul ta ce Arewa na rushe ginin da aka tanada don haɗuwar a Kumgang. Mafi yawan waɗanda suka yi rajista sun riga mu gidan gaskiya, akasarinsu ba tare da sun ga kowa nasu ba.