Ma'anar "yips", lalurar da ke raba majefin besbol da saitinsa

Ranar 3 ga Oktoba, 2000, ƙungiyar besbol ta St. Louis Cardinals ta damƙa wa Rick Ankiel, saurayi ɗan shekara 21 mai jifa da hagu, wasan farko na wasannin neman kofi na ƙarshen kaka, inda suka kara da Atlanta Braves. Zango biyu na farko, cikin zango tara da ake raba wasa, sun wuce lafiya, ƙungiyarsa ma tana gaba da maki 6. A zango na uku sai ƙwallo ta ƙi bin hannunsa. Wata ta daki ƙasa tun kafin ta isa, wata ta tsallake kan mai cafewa ta bugi ragar da ke bayansa. Kafin a cire shi, an rubuta masa ɓataccen jifa har biyar a zango guda, abin da rabon a gani a manyan gasannin Amurka tun 1890. Babu tsokar da ta yage, babu ƙashin da ya goce, kuma gudun ƙwallonsa bai ragu ba. Wannan shi ne abin da masu besbol ke kira yips.

Kalmar ta fito ne daga wasan golf. Tommy Armour, ɗan wasan golf haifaffen Sikotilan da ya yi tashe a Amurka, shi ake danganta wa yaɗa ta, don bayyana ɗan fizgar da hannu ke yi ba da nufin mai shi ba a daidai lokacin da zai gangara ƙwallo cikin rami daga kusa. A besbol tana nufin ɗan wasa ƙwararre ya wayi gari ya kasa jefa ƙwallo inda ya nufa, jifan da ya yi dubun dubata tun yana yaro, alhali gwajin likita bai nuna wani rauni da zai bayyana hakan ba. Idan majefi ne ya kamu, Amurkawa kan ce ya kamu da "ciwon Steve Blass".

Domin a gane girman matsalar, dole a san aikin majefi da ma'auninsa. Yana tsayawa a kan wani tudu mai tsawon inci 10, yana jefa ƙwallo mai nauyin giram 142 zuwa 149 zuwa ga wani farin faranti na roba da ke kafe a ƙasa, nisan ƙafa 60 da inci 6, wato mita 18.44. Faɗin farantin inci 17 ne kacal, kimanin santimita 43. Mai duka yana tsaye gefen farantin da sandarsa, mai cafewa yana tsugune a baya. Jifan da ya ratsa saman faranti tsakanin gwiwar mai duka da wajen tsakiyar ƙirjinsa shi ne mai kyau. Uku irinsa, ko uku da mai duka ya kai wa sanda ya kuskure, sun fitar da shi. Jifa huɗu da suka kauce kuma bai kai musu duka ba, sai ya taka kyauta zuwa tashar farko, ta farko cikin tashoshi uku da zai zagaya kafin ya dawo faranti ya ci maki. Wannan wucewar kyauta ita ce dafin da ke kashe majefi, domin abokin hamayya ya samu mutum a kan hanyar cin maki ba tare da ya taɓa ƙwallo ba.

Lissafin kusurwa shi ke nuna yadda abin yake da tsanani. Majefi yakan yi dogon taku gaba kafin ya saki ƙwallo, don haka tazarar da take ci a iska kusan mita 16 da rabi ce. A wannan nisa, kuskuren digiri ɗaya tak wajen sakin ƙwallo yana karkatar da ita kimanin santimita 29. Wanda ya nufi tsakiyar faranti ke nan, idan ya kauce da abin da bai kai digiri ɗaya ba, ya fita daga gefe. Ƙwallon da ke gudun mil 95 a sa'a tana isa faranti cikin kusan kashi huɗu bisa goma na daƙiƙa, kuma hannun da ya jefa ta yana wulgawa da saurin da tunani ba ya iya bi. Saki da wuri kaɗan, ƙwallo ta tashi sama ta ɓangaren hannun da ya jefa. Riƙewa fiye da kima kaɗan, ta nutse ƙasa ta ɗaya ɓangaren. Ba wanda ke saita wannan da lissafin kai. Jiki ne ya haddace shi.

Duk wanda ya taɓa kallon mata suna lugude ya san wannan haddar ta jiki. Taɓarya na tashi sama, a tafa hannu, a cafe ta, ta faɗa tsakiyar turmi a daidai gaɓarta ba tare da ta yi karo da ta abokiyar daka ba. Ranar da mai dakan ta fara tambayar kanta yaushe za ta buɗe yatsu, yaushe za ta damƙe, ranar luguden zai watse. Abin da ke samun mai yips ke nan. Bayan jifa ɗaya ko biyu da suka ɓace a gaban dubban 'yan kallo, sai ya fara sa ido a kan hannunsa. Yatsu su ƙara matse ƙwallo, tsokar damtse ta ɗaure, hannu ya rage sauri yana neman ya kai ƙwallon da lallami maimakon ya wurga ta. Lallamin nan shi ke ƙara ɓata lokacin saki, ɓacin kuma ya ƙara tsoro, tsoron ya ƙara matsewa. Da yawa daga waɗanda suka kamu suna cewa sun daina jin ƙwallon a yatsunsu, kamar hannun na wani ne.

Masu bincike, ciki har da likitocin asibitin Mayo Clinic na Amurka da suka yi nazari a kan 'yan golf, sun kasa lalurar gida biyu. A gefe ɗaya akwai matsalar jijiya da ake kira distoniya, inda tsokokin da suka daɗe suna maimaita aiki guda suke ɗaurewa da kansu idan an zo wannan aikin kawai, irin abin da ke samun wasu makaɗa da masu yawan rubutu. A ɗaya gefen akwai fargabar da ke shaƙe mutum idan ido ya yi masa yawa. Yawancin masu fama suna wani wuri ne a tsakani. Shi ya sa kiran mai yips matsoraci zalunci ne, kuma kuskure ne a fannin aiki, don tsawa da gori ba su taɓa kwance ɗaurarriyar tsoka ba.

Labarin Steve Blass ya isa hujja a kan batun tsoro. A gasar World Series ta 1971, wato karawar ƙarshe ta fitar da zakaran kaka, ya yi wa Pittsburgh Pirates jifa a wasa na uku da na bakwai da Baltimore Orioles, ya kammala kowanne shi kaɗai, maki 2 kawai aka ci shi a zango 18, suka ɗauki kofi. Babu matsin da ya wuce na wasa na bakwai, wanda shi ne na raba gardama, kuma ya tsallake shi. A 1972 ya ci wasa 19, ya zo na biyu a zaɓen lambar Cy Young ta gwarzon majefa. Sai 1973 ta zo. Alƙaluman shekarun biyu, idan aka jera su, sun fi kowane bayani: a 1972 ya bayar da wucewar kyauta 84 a zango 249 da kashi biyu bisa uku, a 1973 ya bayar da 84 ɗin dai, amma a zango 88 da kashi biyu bisa uku. Wato daga kusan mutum 3 a kowane zango tara ya koma 8 da rabi. Ya kuma jefi masu duka 12 a jiki. Ya gwada jifa a durƙushe, ya gwada jifa daga can bayan fili, ya je wurin masu sa barcin hifnosis, ya yi zaman natsuwa da tattara hankali. Wasu sun alaƙanta abin da rasuwar abokin wasansa Roberto Clemente a haɗarin jirgin sama ranar 31 ga Disamba, 1972, amma ba a taɓa tabbatar da sanadi ba. Wasa ɗaya ya buga a babbar gasa a 1974, ya ajiye ƙwallo a 1975, daga baya ya zama mai sharhin wasannin Pirates har 2019.

Akwai ma'aunin da kowa ke ambata idan ana maganar majefin da ke fama, wato ERA. Ana ɗaukar makin da aka ci shi ba ta dalilin kuskuren masu tsaron fili ba, a ninka da 9, a raba da yawan zangon da ya jefa. Blass a 1973 an ci shi maki 97 irin waɗannan: 97 sau 9, a raba da 88 da kashi biyu bisa uku, ya ba da 9.85, alhali shekarar da ta gabata 2.49 ne. Sai dai ERA mai muni ba ita ce shaidar yips ba, kuma a nan ne masu sharhi da yawa ke yin gaggawa. Majefin da shekaru suka cim masa, gudun ƙwallonsa ne ke raguwa, masu duka su riƙa samunta. Wanda jijiyar gwiwar hannunsa ta fara saki, saitinsa kan lalace tare da ciwo da raguwar gudu. Wanda abokan hamayya suka gano yadda yake riƙe ƙwallo kafin kowane irin jifa, ana dukansa ne ko da jifan ya shiga daidai. Mai yips kuwa gudunsa na nan, wucewar kyauta da jifan mutane a jiki su ne ke hauhawa lokaci guda, kuma kuskurensa ba na inci biyu ko uku ba ne, na ƙafa biyu ko uku ne. Wata alama mai ƙarfi: sau da yawa yakan yi jifa lafiya lau a wurin ɗumama jiki, da zarar mai duka ya tsaya gefen faranti sai komai ya rikice. A lura kuma, ɓataccen jifa ba ya shiga littafi sai in wani abokin hamayya da ke kan tasha ya ci gaba zuwa ta gaba saboda shi, don haka adadin da aka rubuta kullum bai kai na zahiri ba.

Abin mamaki, jifa mafi sauƙi ya fi kamuwa. Steve Sax a 1983 da Chuck Knoblauch a 1999 da 2000, dukansu masu tsaron tasha ta biyu, ɗan gajeren jifa zuwa tashar farko ne ya gagare su. Mackey Sasser, mai cafewa, mayar wa majefinsa ƙwallo ne ya zame masa aiki. Jon Lester ya ci kofuna yana jefa wa masu duka ƙwallo a inda ya so, amma ya shafe shekaru yana kauce wa jifa zuwa tashar farko. Jifan da ke ba mutum lokacin tunani shi ne tarkon.

Ƙungiyar da ta san aikinta takan fara da likita kafin malamin tunani. A ɗauki hoton gwiwar hannu da kafaɗa, a duba ko jijiyoyi da hanyoyin jini sun matse tsakanin ƙashin wuya da haƙarƙarin farko, domin wannan matsewar tana kawo mutuwar yatsu mai kama da yips sak. Idan jiki lafiya yake, sai a janye majefin daga idon jama'a. Ana fara shi da jifa cikin raga, ba mai cafewa, ba faranti, ba wanda ke ƙirga masa. Sai jifa mai nisa a fili, wanda ke tilasta wa hannu ya saki jiki ya wurga da ƙarfi. Daga nan a dawo da mai cafewa, sannan a tsayar da mai duka da ba zai kai sanda ba, sannan wasan gwaji. Ana koya masa ya ɗora hankalinsa a kan safar mai cafewa maimakon yatsunsa, ya kuma riƙe tsarin numfashi guda kafin kowane jifa. Wasu kan sauya riƙon ƙwallo ko kusurwar hannu, don jiki ya ɗauki abin a matsayin sabon aiki da bai da tabon baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika shi da gyaran taku da na kafaɗa daga bakin masu horarwa uku ko huɗu. Mutumin da yawan lura da hannunsa ya kayar, an ƙara masa abin lura.

Lokaci kuma ba ya jira. A babbar gasar Amurka, kaka tana da wasa 162, kowace ƙungiya mutum 26 take riƙewa a babbar tawaga, cikin jerin mutum 40 da ke ƙarƙashin kariyarta. Ana iya saukar da ɗan wasa zuwa ƙananan gasanni ba tare da haɗarin rasa shi ba a kaka uku. Idan wannan dama ta ƙare, ko ana buƙatar gurbinsa, sai a cire shi daga jerin 40, ƙungiya ta samu kwana bakwai ta yi musayarsa ko ta sanya shi inda sauran ƙungiyoyi 29 za su iya ɗauka.

Daniel Bard ya bi wannan hanya har ƙarshenta. A 2010 ERA ɗinsa a Boston Red Sox 1.93 ne, yana shigowa a ƙarshen wasa da ƙwallo mai kusan mil 100 a sa'a. A 2012 aka mayar da shi mai fara wasa, saitinsa ya watse, Boston ta cire shi daga jerinta a 2013. An yi masa tiyatar matsewar jijiyar nan a farkon 2014, amma bai dawo daidai ba. Ya yi ta yawo a ƙananan gasanni har ya haƙura, ya koma mai ba matasan Arizona Diamondbacks shawara kan natsuwa. A can, yana jefe-jefe da yara ba tare da kowa na auna shi ba, hannun ya dawo. A 2020 ya shiga Colorado Rockies bayan shekara bakwai rabonsa da babbar gasa, a 2022 ya rufe wasa 34 da nasara da ERA 1.79. A farkon kakar 2023 kuma ya shiga jerin marasa lafiya, ya faɗa a fili cewa fargaba ce dalili.

Shi kuwa Ankiel, a 2001 ya bayar da wucewar kyauta 25 a zango 24, aka saukar da shi har matakin 'yan koyo. Ya sha tiyatar gwiwar hannu a 2003, ya ɗan dawo a Satumbar 2004, sai a watan Maris na 2005 ya ce ya bar tudu. Ya koma mai tsaron bayan fili, ya sake hawowa daga ƙasa da sanda. Ranar 9 ga Agusta, 2007, a wasansa na farko da dawowa St. Louis, ya doka ƙwallo ta tsallake katanga ta kawo maki uku, a 2008 kuma ya yi irin wannan duka sau 25. Daga can bayan fili, nisan da ya ninka na tudu sau huɗu ko biyar, hannun nan na hagu ya riƙa aika ƙwallo kai tsaye cikin safar mai tsaron tasha ta uku.