Kakaki: Mutumin Ake Nufi Ko Bututun?

Da zarar an fara kaɗa gangar siyasa, ba ka buɗe rediyo a Katsina ka rufe ba ka ji kalmar kakaki sau goma ba. Kakakin jam'iyya, kakakin ɗan takara, kakakin ƙungiyar matasan unguwa kaza masu goyon bayan wane. Rannan har na ji an kira wani yaro kakakin zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarsu. Kowa ya san abin da ake nufi, wato mai magana da yawun wani, ba sai na ɓata tawada a kan wannan ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin masu jefa kalmar nan sun manta da abin da ke ɗauke da sunan tun asali, har ta kai ko an ajiye shi a gabansu ba sa gane shi.

A wani hawan sallah ina zaune ina kallo a talabijin, mai sharhi ya nuna wasu mabusa a kan dawakai, kumatu a cike tamkar sun ƙunshi lemo, ya ce, "Ga masu kakakin mai martaba nan." Algaita ce fa a bakinsu! Algaita gajeriya ce, jikinta ice ne da aka naɗe da fata, tana da ramukan da ake toshewa da yatsu, sannan akwai ɗan tsinken ciyawa a bakinta wanda shi ne ke kuka idan iska ta ratsa shi. Mai algaita yana tara iska a kumatu, yana matso ta a hankali yana kuma shaƙar wata ta hanci, shi ya sa kukanta ba ya yankewa. Kakaki kuwa dogon bututun ƙarfe ne, ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, wani ya haura mita 2, wani ya doshi 3 ko fiye, gaɓa-gaɓa ake haɗa shi idan za a busa. Ba rami ko ɗaya a jikinsa, ba tsinke a bakinsa. Idan ka leƙa ta wannan kai, hasken rana za ka hango ta wancan.

To daga ina kukan ke fitowa? Nan ne gizo ke saƙar.

Na fara sanin amsar ne a makarantar sakandare, a hannun wani dattijo da ya yi ritaya daga badujalar 'yan sanda, yana koya mana begila don fareti. Ranar farko na ɗauki begilar na hura da dukkan ƙarfina, ba abin da ya fito sai huci irin na zugazugi. Ya karɓe ta ya rataye, ya ce, "Ɗana, ba ita ke kuka ba, kai ne. Haɗe leɓɓanka ka hura har su yi rawa." Na ce, "Baba, ai sai a yi mini dariya." Ya ce a yi. Mako biyu muka yi muna wannan furrr ɗin a gindin darbejiya, ba wanda ya taɓa ƙarfe.

Gaskiyarsa ne. A duk dangin nan na begila da kakaki, leɓɓan mabushi su ne ke buɗewa suna rufewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, suna tsinka iska gutsure-gutsure, wannan karkarwar ita ce sautin. Aikin bututu shi ne ya zaɓa. Iskar da ke cikinsa tana da wasu matakan karkarwa da ta yarda da su, gwargwadon tsawonsa, duk abin da leɓe ya kawo da bai dace da ɗayansu ba sai ya fito a shaƙe. Kuma matakan a jere suke bisa lissafi: a ce na ƙasa yana kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, na gaba 200 ne, sai 300, sai 400, haka har sama. Mabushi yana hawa daga wannan mataki zuwa wancan ne ta hanyar ɗaure leɓɓa, da ƙara wa iska gudu, da ɗaga bayan harshe. Shi ya sa begila, da ba ta da madanni ko ɗaya, take iya fitar da muryoyi wajen biyar, kuma duk busar bariki, ta tashi daga barci da ta sauke tuta, daga cikin waɗannan biyar ɗin aka ƙera su.

Wannan ne ma ya sa masana kiɗa ba sa duba abin da aka ƙera abin busa da shi kafin su sa shi a dangi. Ƙahon gwanki da farai na ice 'yan'uwan kakaki ne uwa ɗaya uba ɗaya, domin leɓe ke musu kuka. Saksofon kuwa, duk da ƙyallin tagullar da yake yi, dangin algaita ne, tsinke ke masa magana.

Turawa ma sun daɗe da irin namu, bututu zalla. A zamanin Bach, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus wanda ya rasu a 1750, mai busa turampet, wato kakakin Turawa, ba shi da abin dannawa, sai dai ya hau can ƙololuwar matakan nan inda suke kusa da juna ya tsamo waƙa, aikin da ke cin shekaru kafin a iya. Kuma abin sarakuna ne, kamar yadda yake a wurinmu. A 1623 Sarkin Daular Rum ta Jamus ya ba ƙungiyar masu turampet da masu manyan ganguna takardar gata, wadda ta taƙaita wanda zai busa da inda za a busa. Duk wanda ya san matsayin kakaki da tambari a fadar Katsina ko ta Daura ba zai ji wannan baƙon labari ba. Attajiri komai dukiyarsa ya iya ɗauko masu kalangu su kwana a ƙofar gidansa, amma ba a busa masa kakaki.

Abin da ya raba hanya shi ne madanni, wanda aka ƙirƙiro a Jamus, aka yi masa rajista a 1818. Dabarar mai sauƙi ce: idan ka danna, iska sai ta bi wani ɗan zagaye na ƙarin bututu, tsawon ya ƙaru, matakan duka su sauka. Turampet na yau bututunsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, an dai nannaɗe shi ne. A ma'aunin muryoyin waƙa, madanninsa na biyu yana sauke sauti da rabin mataki, na farko da mataki guda, na uku da ɗaya da rabi. Ka cuɗanya su ka sami tsawo bakwai daban-daban, tamkar begila bakwai a hannu ɗaya. Turambon, ɗan'uwan turampet, shi ma bakwai ɗin ne, sai dai shi ana zuge bututun ne da hannu.

Da aka sami wannan sai aiki ya ƙaru a kan mabushi, daga nan littattafan atisaye suka biyo baya. Wanda ya fi shahara shi ne na wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Arban, da ya fito a Faris wajen 1864, har gobe kuma shi ne ƙashin bayan karatun turampet. Dattijon namu yana da kwafi guda da bango ya rabu da shi, yana ɗaure shi da roba. Mai tsammanin waƙoƙi masu daɗi ne cike da shi zai sha mamaki, yawancin shafukan horo ne mai gundura: ka hau ka sauka tsakanin matakai biyu ba tare da taɓa madanni ba har leɓɓanka su yi zugi, ka bi jerin muryoyi sama da ƙasa a kowane mazauni, ka maimaita gaɓa ɗaya har yatsu su daina jiran umarnin kai. Kafin duk wannan, Baba sai ya sa mu riƙe murya ɗaya tak, mu faro ta a hankali, mu kumbura ta, mu mayar da ita siririya ba tare da ta karkace ba. Ya kan ce a nan ake gane mabushi, ba a gudu ba.

Sai aikin harshe, wanda ni ya fi burge ni. Kowace murya ana buɗe ta ne da kan harshe, kamar mai cewa "tu". Amma kan harshe yana da iyakar saurinsa, idan kiɗa ya wuce nan sai a raba aikin biyu, gaba da baya: tu-ku-tu-ku. Idan uku-uku ne, tu-tu-ku. A nan Bahaushe ke da tarkon da Bafaranshe ba shi da shi. Mu muna da k muna da ƙ, kuma da zarar ɗalibi ya ɗaure wuya don tsoron kuskure, sai "ku" ɗinsa ya koma "ƙu". Ita kuwa ƙ ba ta fita sai an toshe maƙogwaro, ka gwada cewa "ƙofa" ka ji yadda numfashi ke tsayawa. Da maƙogwaro ya toshe, iskar huhu ta yanke, leɓɓa su daina rawa, murya ta mutu a tsakiyar layi. Na shafe watanni ina fama da wannan. Baba bai san sunan abin a ilimin furuci ba, cewa kawai yake, "Ɗana, kana haɗiye busar."

Na yi nisa, bari in dawo gida. Kakakinmu bai bi hanyar madanni ba, kuma ban ɗauki wannan a matsayin koma-baya ba, don ba waƙa aka ƙera shi ya rera ba. Magana yake yi. Muryoyi biyu yake aiki da su, ta ƙasa da ta sama, Hausa kuwa harshe ne mai karin sama da karin ƙasa, saboda haka biyun nan sun ishe shi ya kwaikwayi kalma, da tsawon gaɓa da gajartarta. Wanda kunnensa ya saba yana jin "ga shi, ga shi" da "ga sarki" sarai, yana jin kirari. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su, ka ga ya haura shekara 500 yana wannan aiki a ƙasar Hausa. Yana da 'yan'uwa a nesa, irin su nafir da ake busawa a Maroko da watan azumi, Yarbawa kuma ko sunan ba su canza masa ba.

Yanzu a kula da abin da yake faɗa. Kakaki yana shelar fitowar sarki, yana yi masa kirari, yana gaya wa jama'a su shirya. Bai taɓa isar da jawabin sarki ba, bai taɓa amsa tambaya a madadinsa ba. Idan ka je gaisuwa fada ka faɗi, masu amsa maka da yawun sarki fadawa ne da dogarai, su ke cewa an gaishe ka. Saboda haka in da za a bi ma'ana sau da ƙafa, mai magana da yawu ba kakaki ba ne, kakaki ɗan kirari ne. Sai dai in na saurari abin da wasu masu riƙe da muƙamin ke fitowa suna yi a rediyo, daga "ga shi" sai "ga shi", da ƙarfi, ba murya ta uku, sai in ga kamar wanda ya fara ara musu sunan ya fi ni hangen nesa.

Inda aron ya fi karkacewa shi ne majalisa. Muna cewa Alhaji Aminu Bello Masari ya yi Kakakin Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007, kuma kunne ya saba, ba mai jin wani abu. Amma mai wannan kujera shi ne mafi ƙarancin tofa albarkacin baki a muhawara. Aikinsa ya ba wannan dama ya tsayar da wancan, ya yanke hukunci a kan ƙa'ida, ya buga guduma. Sunan na Turanci, wato Speaker, mai magana, ya samo asali ne daga Ingila a ƙarni na 14, lokacin da ake zaɓen mutum ɗaya ya je gaban sarki ya faɗi matsayar wakilai, wani lokaci da ransa a hannu. Wato shi daga jama'a yake ɗauko magana ya kai wa sarki, kakaki kuwa daga ƙofar sarki yake juya baki ya fuskanci jama'a. Shugaban majalisa ya wadatar, kuma ya fi faɗin gaskiyar aikin. Ga shi ruɗanin yana haihuwa: majalisar tana da nata mai magana da 'yan jarida, sai ka ji labari ɗaya an ce kakakin majalisa ya ce, ka rasa wanne daga cikin biyun.

Akwai kuma abin da ban taɓa jin wani mai riƙe da sunan ya tsaya ya auna ba. A fada, mutumin sunansa mai kakaki ko mabushi, kakaki shi ne ƙarfen. Duk gwanintar, da numfashin, da leɓɓan da suka yi kanta saboda shekaru, suna wurin mabushi ne. Na taɓa faɗa wa wani abokina haka ranar da aka naɗa shi kakakin wata ƙungiya, muna zaune a kusa da Ƙofar Soro. Na ce, "Malam, ka san dai bututu aka ce da kai, wanda ba ya kuka sai an sa masa baki?" Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ai da alawus. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya miƙe tsaye kafin ya amsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina saurare."