Ƙarin ruwa da fotasiyam a tiyatar zuciya: amsar tambayoyinku

Ƙannena likitoci da ma'aikatan jinya na nan Bauchi, tambayoyin nan ne dai kuke ta maimaitawa. Ga amsa, a karanta a riƙe.

Wane ruwa za a rataya?

Hartmann ko Plasma-Lyte, ruwan ƙari ne masu sinadaran gishiri kusa da na jini. Nomal salin yana ɗauke da kuloraid milimol 154 a lita, na jinin mutum kuwa wajen 100 ne. In ka ɗura leda huɗu ko biyar, jini zai yi tsami, ƙoda ta wahala.

Ai Hartmann yana da fotasiyam?

Milimol 5 ne kacal a lita. Kalsiyam ɗin cikinsa ne abin kiyayewa: kada ka haɗa shi layi ɗaya da jinin leda, yana iya yin guda. Layin jini na salin ne.

Ruwan sukari na kashi 5 fa?

A'a. Ba ya zama a jijiya, yana sauke sodiyam, ga sukari dama yana hawa lokacin aiki. A riƙe sukarin jini ƙasa da milimol 10 a lita.

Fotasiyam na jini ya kai milimol 6 a lita ana shirin cire majinyaci daga na'urar zuciya da huhu. Me zan yi?

Kwantar da hankalinka tukuna. Ruwan da ake tsayar da zuciya da shi fotasiyam ne a cikinsa da gangan, irin wanda ake kira St Thomas ma milimol 16 ne a lita, don haka hawan ba abin mamaki ba ne. Sake auna jinin, ka duba fitsari. In fitsari yana zuwa, bugun zuciya kuma bai sauya a allon na'urar duba zuciya ba, sau da yawa haƙurin 'yan mintoci da furosemide, maganin sa fitsari, sun isa, ko mai kula da na'ura ya tace jinin. In fitsari ya ɗauke, ko an sha ƙarin tsohon jini, ko bugun ya fara faɗi a allo, to magana ta canza: kalsiyam gulukonet na kashi 10, mil 10 zuwa 30, don kare zuciya, sannan insulin yunit 10 da gulukos giram 25, ana bin sukari da awo. Kalsiyam ba ya rage fotasiyam, lokaci kawai yake ba ka.

Amma kada a wuce gona da iri. Yawancin masu zuwa mana yara ne da matasa masu lalacewar bawul ta zazzaɓin gaɓoɓi, sun daɗe a kan furosemide, wasu har da maganin zuciya digoxin. Fotasiyam ɗin jikinsu dama a ƙarance yake. Wanda ka sauke wa da ƙarfi a ɗakin tiyata, shi ne za ka tarar da 3.2 da tsakar dare, zuciya tana rawa. Tsakanin 4 da 5 muke nema, shawarar ƙarshe kuma ta babban likitan da ke tsaye a kansa ce.

Zan iya tura fotasiyam kai tsaye da sirinji in ya sauka?

Haba Sista! Da shi ake tsayar da zuciya. A gauraya, a sa a famfon ɗura magani: milimol 10 a awa ta jijiyar hannu, 20 ta babbar jijiyar wuya, ido na kan allo.

Na ƙara, ya ƙi hawa.

Auna magniziyam. In yana ƙasa, ƙoda za ta ci gaba da zubar da fotasiyam ɗin. Ba da giram 2 a hankali, ka lura da matsin jini don yana iya sauka.