Zubar da ciki a dokar Nijar

Zubar da ciki shi ne fitar da ciki da gangan kafin ɗan tayi ya kai lokacin da zai iya rayuwa a waje. Hausawa na bambanta shi da ɓari, wanda yake zuwa ba da nufin kowa ba. A Damagaram, kamar sauran jihohin Nijar, dokoki biyu ne ke magana a kansa, kuma ba su zo da murya ɗaya ba.

Ta farko ita ce kundin hukunta laifuka na 1961, wanda ya gaji tsarin Faransa na zamanin mulkin mallaka. Aya ta 295 ta ce duk wanda ya zubar wa mace ciki, ta hanyar abinci, abin sha, magani, duka ko wata dabara, da yardarta ko babu, zai sha kaso na shekara 1 zuwa 5 da tarar jika 50 zuwa jika 500 na kuɗin sefa (jika ɗaya sefa 1,000 ce). In ya mai da abin sana'a, ɗaurin yana kaiwa shekara 10. Macen da ta zubar da cikinta da kanta kuwa, wata 6 ne zuwa shekara 2.

Ta biyu ita ce dokar lafiyar haihuwa ta watan Yuni 2006. Ta buɗe ƙofa biyu kawai: idan cikin na barazana ga rai ko lafiyar uwa, ko kuma idan an tabbatar ɗan tayin na ɗauke da cuta mai tsanani. Ko a nan sai likitoci sun amince. Cikin fyaɗe bai shiga ba, haka ma wanda muharrami ya yi, kuma a nan gardamar ta fi zafi. Yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata, da ƙasashen Afirka suka amince da ita a 2003, ta halatta zubarwa a waɗannan halaye a aya ta 14. Nijar ta sa hannu, amma majalisar dokoki ta ƙi tabbatar da ita a 2006, bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun nuna adawa. Jamhuriyar Benin ta sassauta tata dokar a 2021 har zuwa mako 12, yayin da Arewacin Najeriya, maƙwabcin Damagaram, bai yarda ba sai don ceton ran uwa.

Malaman Damagaram mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma mashahurin zance a cikinta shi ne haramci tun daga shigar ciki. Wasu malaman Hanafiyya sun yi rangwame kafin kwana 120 in akwai uzuri, bisa hadisin Ibn Mas'ud kan lokacin busa rai. Bayan wannan wa'adi duka sun haɗu a kan haramci, sai fa in uwa za ta halaka.

Abin da takarda ba ta nunawa shi ne yadda lamarin ke faruwa a cikin gida. Ba a cika kiran sunansa ba. Sai a ce "jini ne ya tsinke mata", ko "ta yi ɓari". Yarinyar da ta yi ciki ba aure, tsoron surutun unguwa ya fi damun iyayenta a kan tsoron alƙali, don haka ake neman rufin asiri wajen mai jiƙo ko mai tallan ƙwayoyi a tebur. Akwai kuma matar aure mai goyo da ciki ya shiga kafin yaye, wadda ake yi wa gorin kwanika. Illar takan zo daga baya: zubar jini, zazzaɓi, ruɓewar mahaifa, wani lokaci rashin haihuwa har abada. Abin takaici shi ne jinkiri, domin iyali kan yi kwanaki suna ɓoyo kafin a ɗora ta a amalanke ko babur zuwa likita.

Kulawa bayan zubewar ciki ba laifi ba ce a Nijar. Wankin ciki da ungozomomin asibiti ke yi, da sirinji mai zuƙo ragowar abin da ya saura ko da ƙwayar misoprostol, hanya ɗaya ce ga wadda ta yi ɓari da wadda ta zubar. Masu tsanani daga ƙauyukan Mirriya, Magarya ko Matameye akan turo su birnin Damagaram, inda ake da ƙarin jini da ɗakin tiyata. Magungunan tazarar haihuwa kuma gwamnati ta mai da su kyauta a asibitocinta tun 2006, ko da yake mata da yawa sai da izinin maigida suke zuwa karɓa.