Harsunan siffanta ayyukan gajimare: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tun da na fara koya wa matasa aikin kula da saba (kwamfutar da ke riƙe da shafuka da manhajoji a intanet) a nan Kaduna, tambayoyin nan ba su taɓa canzawa ba. Na amsa a aji, na amsa a WhatsApp, har a ƙofar masallaci an tare ni bayan Isha. To ga su a rubuce. Wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Malam, wai mene ne gajimaren nan?

Kwamfutar wani ce kake haya ta intanet, ko ta Amazon, ko Microsoft, ko Google. A 2011 NIST, cibiyar tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ta kasa hayar gida uku: hayar injin kansa, hayar dandalin da za ka ɗora manhajarka, da hayar manhajar da aka riga aka gama. Shi ke nan.

Me ya kawo maganar harshe kuma?

Shiga Kasuwar Barci ka ce wa tela ya ɗinka maka riga "daidai jikinka". Tef zai zaro, ya auna kafaɗa da hannu da tsawo, ya rubuta lamba a littafinsa. Ranar da kuka yi musu, littafin ne zai raba gardama. Haka harsunan nan suke: kana rubuta saba nawa kake so, girman kowace, wace ƙofa ce a buɗe, wa ke da izinin shiga. Kowace kalma ma'anarta ɗaya, domin na'ura ce mai karantawa, ita kuwa ba ta san "ka dai gane" ba.

YAML harshen rubuta manhaja ne?

A'a. Tsarin jera bayani ne kawai, kamar JSON da XML. Amma yana da tsirfa. Ba a tura layi ciki da maɓallin Tab, sai da tazara. Wani ɗalibina daga Tudun Wada ya yini yana neman kuskure, har ya fara zargin laftof ɗinsa, ashe tazara ɗaya ce ta yi yawa a layi na 14. Kuma a tsohuwar ƙa'idar YAML 1.1, in ka rubuta NO tsirara kana nufin ƙasar Norway, na'urar za ta karanta shi a matsayin "a'a". Sa shi cikin alamar zance.

Su nawa ne harsunan?

Sun fi ƙarfin ƙirgarka, amma iri biyu ne. Akwai masu bayyana yadda ake magana da sabis, wato me za ka aika masa, me zai dawo maka da shi. WSDL ne tsohonsu, da XML ake rubuta shi, sai OpenAPI da a da ake kira Swagger. Akwai kuma masu bayyana ginin kansa: CloudFormation na Amazon tun 2011, TOSCA da ƙungiyar OASIS ta amince da shi a 2013, da HCL, harshen Terraform, manhajar da ke karanta fayil ɗinka ta gina abin da ka rubuta, wadda kamfanin HashiCorp ya fitar a 2014. Fayilolin Kubernetes, tsarin da ke tafiyar da manhajoji a kan saba da yawa, ma nan suka faɗo.

Da wanne zan fara?

JSON, sai YAML, sai Terraform. In lasisin Terraform (sharuɗɗan amfani da shi) da HashiCorp ya canza a 2023 ya dame ka, ɗauki OpenTofu, reshen da aka cire daga Terraform, rubutun kusan ɗaya ne. Don Allah kar a sake yi mini wannan tambayar.

In dala ta sake hawa, zan iya ɗaukar fayil ɗina na koma wani kamfani mai rahusa?

Yauwa, wannan ce tambaya, kuma ba ni da amsa guda. Ya danganta da abin da ka gina.

Alkawarin TOSCA ke nan tun farko: ka siffanta sassan aikinka da alaƙar da ke tsakaninsu ba tare da ambaton kamfani ba. A takarda ya yi kyau. Sai dai dole ka sami manhajar da za ta karanta shi ta aiwatar a wurin da za ka koma, kuma ya fi karɓuwa a wajen kamfanonin sadarwa fiye da ƙananan masu aiki irinmu. Ban ce kar ka koya ba, amma ba zan ɗora kasuwancina a kansa shi kaɗai ba.

Terraform kuwa yana ruɗin mutane. Harshen ɗaya ne ko'ina, amma sunayen kayan sun bambanta: saba a Amazon `aws_instance` ce, a Google `google_compute_instance`, kowacce da nata sharuɗɗan. Kenan ƙwarewarka za ta bi ka, fayil ɗin kuwa sai ka sake rubuta yawancinsa. Kubernetes ya fi sauƙin ƙaura, sai dai ko shi, ma'ajiya da izinin shiga da mai raba cunkoso suna manne da kamfanin da kake.

Sannan fayil bai ɗauke da bayananka. In rumbun bayananka PostgreSQL ne, da sauƙi, kusan kowa na da shi. In ka gina a kan DynamoDB, na Amazon ne kaɗai, sai an taɓa manhajar kanta. Fitar da bayanai ma da kuɗinsa. A 2024 manyan kamfanonin uku sun ce sun yafe shi ga mai tashi, amma da sharuɗɗa, ka karanta su kafin ka yi murna. Ka kuma duba inda bayanan za su sauka: cibiyar Amazon ta Cape Town da aka buɗe a 2020 a Afirka take, amma ba a Najeriya ba, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje. In na asibiti ne ko na makaranta kake riƙe da su, nemi lauya, ni ba lauya ba ne.

Ƙaramin aiki da aka gina da kayan gama-gari, ina ganin zai ƙaura ba wahala sosai. Babba kuwa, wataƙila kuɗin ƙaurar ya cinye rahusar. Yi lissafi a takarda tukuna.

Zan iya ɗora fayil ɗin `tfstate`, inda Terraform ke adana bayanin abin da ya gina, a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja?

Haba ɗan'uwa! Kalmomin sirri na iya zama a cikinsa a fili. Wannan barin makulli ne a jikin ƙofar shago. In ka riga ka ɗora, gogewa ba ta wadatar ba, canza kalmomin sirrin yau.

Na gyara wani abu da hannu a shafin kamfanin, laifi ne?

Kowa ya taɓa yi, har ni. Illar ita ce fayil ya ce abu kaza, zahiri ya ce wani. Buga `terraform plan`, zai nuna maka bambancin. Ka karanta shi har ƙasa, musamman layin da ke faɗin abubuwa nawa za a rushe. In ka ga lambar da ba sifili ba kuma ba ka san dalili ba, janye hannunka.

Laftof ɗina tsohuwa ce, ga wuta ba tabbas. Zan iya?

Kwantar da hankalinka. Rubutu ne zalla, nauyin aikin yana can a injinsu. Abin da zan ce kawai, kar ka fara `terraform apply`, umarnin da ke aiwatar da fayil ɗin, batirinka na kashi biyar, kuma ka saita ƙararrawar kashe kuɗi tun ranar farko, domin sabar da ka manta a kunne da dala ake cajinta, ko kana barci.