Shigowar Disamba ba ta ba da tabbacin dusar ƙanƙara a wuraren zamiya

Mutane da yawa sun daɗe suna ɗauka cewa da zarar Disamba ta kama, kowane wurin wasan zamiya a tsaunukan Alps na Turai ya lulluɓe da dusar ƙanƙara, don haka sai su zaɓi wurin da ya fi suna. Wannan kuskure ne, domin a farkon hunturu tsayin wuri ne ke tabbatar da ƙanƙara, kasancewar zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 na ma'aunin Celsius a duk mita 1,000 da aka hau.

Garin Kitzbühel na Ostiriya, duk da shahararsa, bai kai mita 800 ba, kuma ruwan sama na iya wanke gangarensa na ƙasa a lokacin da dusar ke zuba a Val Thorens ta Faransa, wadda ke kan mita 2,300 kuma takan buɗe tun ƙarshen Nuwamba. A Hintertux ta Ostiriya kuwa, daskararriyar ƙanƙarar da ke kan tsaunin ta sa ana zamiya kusan duk shekara.

Wasu kan dogara da injinan feso dusar ƙanƙara, amma galibi waɗannan ba sa aiki sai ma'aunin zafi ya sauka kusa da sifili ko ƙasa da haka, shi ya sa a ƙarshen Disamba 2022 wurare da dama na ƙasa-ƙasa suka rufe hanyoyinsu na zamiya. Ya kamata matafiyi ya duba tsayin gangaren da kuma ko yana fuskantar arewa, inda rana ba ta saurin narkar da ƙanƙara, kafin ya biya kuɗin masauki.